Fasinjan Koren Tarago

Bron, 3 ga Nuwamba, 2008

Zuwa ga 'yata Raliatou,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki da ƙannenki a La Courneuve. Yaya karatu, yaya sanyi? Na ga wasiƙarki, kuma Hausarki ta ƙara kyau. Kin tambaye ni me ya sa ba za mu riƙa magana ta waya kamar kowa ba. Na ɗaya, ina so hannunki ya saba da harshenki. Na biyu, ƙarar waya tana firgita Goggonki Balkisa, shi ya sa na zare ta gida daga bango, ta aljihu kuma tana kashe a durowa.

Goggo jiki da sauƙi, ƙafa ƙalau. Kan ne yake ta ƙara nisa. Ran Laraba ina ɗaki ina koya wa yaran unguwa lissafi, ta buɗe ƙofa ta fita. A tashar taram, jirgin nan na cikin gari, aka same ta, ba takalmi, tana leƙa fuskar duk wanda ya sauko. Madam Nadia ta ofishin kula da tsofaffi ta zo ta faɗa mini cikin ladabi cewa in Goggo ta sake ɓacewa haka, dole a kai ta gidan tsofaffi. Yayata ce fa, wadda ta goye ni. Can ko ruwa ta nema ba wanda zai ji abin da take faɗi.

Ba na jin mahaifinki, ɗan baffana, Allah ya jiƙansa, ya taɓa ba ki labarin wanda take nema. Muna da ɗan'uwa, Issa, ƙanenta, wana. Ina ƙarami ya ce zai tafi kudu neman aiki. Mu a Damagaram ba mu da jirgin ƙasa, sai an tsallaka iyaka zuwa Nguru, inda dogo ya ƙare. Ni da Goggo muka raka shi. Ya shiga wani koren tarago, ya zauna bakin taga, ya ce mata a nan za ta tarye shi in ya dawo. Ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba. Yanzu Goggo ta manta sunayen 'ya'yanta, amma ba ta manta wannan ba.

Kin tuna 'yar tashar Nguru da nake ginawa a kan tebur a falo, wadda kika yi wa dariya kika ce Baffa ya koma yaro? To ita ce ta zama magani. In na zaunar da Goggo gabanta sai ta natsu, ta yi ta kallon tankin ruwa da rumfar jira da tulin buhunan gyaɗa. Sai dai kullum tana cewa, "Wannan ai jirgin kaya ne. Ina na mutane?"

Ga aikin da nake so ki yi mini. Ran Lahadi masu tara ƙananan jiragen ƙasa na wasa za su ci kasuwarsu a wani zauren wasanni kusa da ku, na sa miki takardar sanarwar a ciki. Ki nemo mini taragon fasinja irin na da, mai 'yar baranda a kowane ƙarshe. Launi ba komai, ni zan shafa masa kore. Kada ki tsaya kan abin da aka jera a saman tebur, wannan na masu aljihu ne. Ki durƙusa ki duba kwalayen da ke ƙarƙashi, can araha take. Ki juya tarago ki murza ƙafafunsa da yatsa, in suna gudu ba gargada to lafiyarsa lau. In abu ya burge ki, ki ɗaure fuska. Kuma ki daure har yamma, lokacin da masu kaya suka fara tunanin ɗawainiyar mayar da su mota.

Abu ɗaya kuma: ban da 'yan mutum-mutumin da ake jerawa a tasha. Kin san ba na ajiye siffar mai rai a gidan da ake salla. 'Yan kulob ɗinmu na masu ƙananan jirage suna yi mini tsiya, wai tashata kamar annoba ta share ta. Su yi ta yi.

Ki gaida kowa. Allah ya yi miki albarka.

Baffanki,
Maazou

La Courneuve, 10 ga Nuwamba

Baffa,

Barka da war haka. Muna lafiya, Inna tana gaishe ka, ta ce a yi wa Goggo sannu. Labarin Issa ya tsaya mini a rai, ban taɓa ji ba.

Na je kasuwarku. Baffa, ba ka faɗa mini ni kaɗai zan zama mai ɗankwali a zauren ba, kuma ni kaɗai ce ba furfura. Tsofaffin Turawa cike, kowa da tabarau a kan hanci, suna gardama kan ƙafar jirgi kamar ana rabon gado. Na yi ta rarrafe ƙarƙashin tebura kamar yadda ka ce, har wani ya tambaye ni ko ɗan kunne na yar. Na taya wani tarago irin tayin da ka koya mini, mai shi ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

Da yamma ta yi na fid da rai. Sai Inna ta kira ni wai in biya in sayo attarugu. Ina tsaye can ƙarshen zaure kusa da ƙofar baya muna magana, sai na lura wani tsoho yana kallon bakina. Teburinsa kusan ba komai, 'yan guntayen dogo ne masu tsatsa. Da na kashe wayar ya ce, "Yarinya, wane yare ne wannan?"

Na ce Hausa.

Sai ya sunkuya ya jawo kwalin takalmi. Ya ce, "To, wataƙila naku ne."

Tarago ne mai baranda gaba da baya, daidai yadda ka kwatanta, kuma kore ne tun asali. Na murza ƙafafun, suna gudu sumul. Na manta ban ɗaure fuska ba. Ya ce wansa ne ya ƙera shi da hannu, bayan ya dawo daga aikin sayen gyaɗa a Afirka tun zamanin da. Na tambayi kuɗi, ya ce in ba shi duk abin da ya sawwaƙa, kuma ko kallon abin da na miƙa masa bai yi ba. Ina juyawa ya fara naɗe teburinsa.

Abu biyu zan faɗa maka. Na farko, yana wari. Ba warin tsohon kwali ba, wani abu ne kamar hayaƙin gawayi haɗe da man gyaɗa, har jakata ta ɗauka. Na biyu, ka yi haƙuri, akwai mutum a ciki. Guda ɗaya tak, na dalma, a zaune bakin taga, hannuwa bisa gwiwa, da farar riga da hula, fuskarsa baƙa irin tamu. Duk zauren nan ban ga wani mai kama da shi ba. Na so in cire shi, amma an manne rufin da gam mai kauri, wani irin manni na gaggawa, ba irin aikin wanda ya ƙera sauran ba. Na san ka san yadda za ka yi da shi.

Ban samu ƙugiyoyin haɗa tarago da suka dace da shi ba, amma an ce za a sake cin kasuwar a wata unguwa, zan je. Na aika ƙunshin yau.

'Yarka,
Raliatou

Bron, 20 ga Nuwamba

'Yata Raliatou,

Gaisuwa da sa albarka. Ina fatan kowa lafiya. Mu nan sai godiya, kuma ke ce sanadi.

Kin ci jarrabawa. Mutanen kulob sun yi shekaru suna nema mini irin wannan ba su samu ba. Na ɗaure shi da zare a bayan kan jirgi kafin ƙugiyoyi su zo, na kunna, ya zagayo ya tsaya gaban rumfar jira. Goggo ta miƙe daga kujera ba wanda ya kama ta. Ta sunkuya ta leƙa tagar, ta daɗe. Sai ta ce, "Issa, ka rame."

Tun ranar ba ta ko kalli ƙofa ba. Tana cin tuwonta gaban tebur tana yi masa hira, labarin waɗanda suka mutu da waɗanda suka yi aure. Wani lokaci takan yi shiru ta karkata kai, kamar mai sauraron amsa. Jiya ta ce mini, "Ya ce ƙishirwa yake ji, kuma an hana shi sauka." Na ce to, Goggo.

Wani ɗan abu ya faru da zai ba ki dariya. Na aje taragon yadda mutumin zai fuskanci bango, don kada idona ya riƙa faɗawa kansa in zan yi salla. Da na dawo daga kasuwar Guillotière na tarar yana fuskantar rumfar jira. Goggo ce ta juya taragon, ba shakka, ko da yake zaren yana nan yadda na ƙulla shi. Hannun tsofaffi ya fi yadda muke zato iya aiki. Warin da kika ce kuwa, tsohon man ƙafafu ne, in ya daɗe haka yake yi.

Amma gaskiya zuciyata ba ta kwanta ba. Shekara da shekaru ban bar siffa ta kwana a gidan nan ba. Kin ce na san yadda zan yi da shi, kuma haka ne. Jibi Asabar zan sa reza in bi gam ɗin a hankali, in ɗaga rufin, in fitar da shi, in sa ɗan labule a tagar. Goggo ba za ta gane ba, ai taragon take so.

Ki dage da karatu.

Baffanki,
Maazou

La Courneuve, Lahadi 23 ga Nuwamba

Baffa,

Ina gaisuwa. Ka gafarce ni, yau gaisuwar gajera ce. Na yi ta kiran wayarka tana kashe.

Ba cewa na yi ka cire shi ba. Labulen kawai nake nufi, ka rufe tagar daga waje ka bar shi a ciki. Allah ya sa wani abu ya hana ka jiya.

Yau na je kasuwa ta biyu neman ƙugiyoyi, na samu. Tsohon nan ba ya nan. Na tambayi wata mata mai sayar da 'yan itatuwa da gidaje, wadda na gani kusa da shi wancan karon. Da na kwatanta taragon sai ta aje kofin da ke hannunta.

Ta ce, "Ya sayar da shi? Shekara nawa yana kawo shi yana mayarwa, ko buɗe kwalin ba ya yi."

Na ce me ya sa?

Ta ce da can ya taɓa fitar da mutumin don ya sabunta masa fenti. Tun daga ranar matarsa, mai cikakken hankali, ta fara fita ba sallama. Sai a same ta a babbar tashar jirgi tana tsaye tana duban masu sauka. In an tambaye ta wa take jira, sai ta ce ba ta sani ba, amma ya kusa isowa. Haka aka yi ta yi har ya mayar da mutumin ya manne rufin. Ta ce wansa da ya ƙera shi ma ya taɓa gaya masa cewa fuskar wani saurayi ce da suka zauna tarago ɗaya, wanda ya yi barci a hanya bai farka ba, aka sauke shi a wani wuri da ba tasha, ba wanda ya san sunansa.

Na yi dariya na ce tatsuniya ce. Ta ce, "Wataƙila. Amma ni ban taɓa yarda ya aje kwalin nan ƙarƙashin teburina ba."

Baffa, ni kimiyya nake karanta, kai ka sa ni. Ban ce na yarda ba. Amma ka bar rufin nan yadda yake, don Allah.

Raliatou

Bron, 26 ga Nuwamba

Raliatou,

Muna nan da rai. Wasiƙarki ta zo a makare.

Na buɗe shi ran Asabar, Goggo tana barcin rana. Na naɗe mutumin a tsumma na sa a gwangwanin kusoshi a saman kabad, inda ko ni sai na taka kujera. Na sa labulen, ya yi kyau ƙwarai. Da ta tashi ko leƙa tagar ba ta yi ba. Daga bakin ƙofar falo ta tsaya ta ce, "Maazou, ka sauke shi a daji." Rabon da ta kira sunana tun bara.

Ta ƙi abinci. Ran Litinin da hantsi na shiga wanka, na fito ba ta. Ni da maƙwabcina Malam Daouda muka bi tashoshin taram ɗaya bayan ɗaya. Sai la'asar 'yan sanda suka kawo ta, daga babbar tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu. Yadda ta kai can ban sani ba, matar da ba ta san ko lambar gidanmu ba.

Madam Nadia za ta zo ran Litinin mai zuwa da takardu.

Na ce bari in mayar da shi in manne kamar yadda kika ce tsohon nan ya yi. Na taka kujera na sauko da gwangwanin. Tsumman yana nan a naɗe, ba kowa a ciki. Goggo kuwa tun da aka dawo da ita hannunta na dama a dunƙule yake. Ko alwala zan yi mata ba ta buɗe shi. In na taɓa sai ta ce, "Ba za ka ƙara mayar da shi cikin jirgin nan ba. Ya gaji."



Baffanki

La Courneuve, 28 ga Nuwamba

Baffa,

Sannu da wannan tashin hankali. Inna ta yi kuka, tana ta addu'a.

Ka yafe mini in na yi rashin kunya. Na sake karanta wasiƙunka duka. Ka ce Issa ya ce mata a tasha za ta tarye shi. Ka ce ta ce an hana shi sauka. Ina ganin Goggo ba jirgin take jira ba, saukarsa take jira. Kai ka gina masa tashar da hannunka, har da rumfa, amma ka hana kowa tsayawa a cikinta.

Kada ka ƙwace shi, kada ka mayar da shi tarago. Ka kawo jirgin ya tsaya, ka ce mata ya iso, ka bar ta ta sauke shi da kanta. Na san abin da wannan yake nufi a wurinka, kuma ka fi ni sanin hukunci. Ni dai Litinin nake tsoro.

'Yarka,
Raliatou

Bron, 2 ga Disamba

'Yata Raliatou,

Gaisuwa mai yawa, da godiya. Ina fatan kuna lafiya. Goggo tana gida. Na fara da wannan don ki samu numfashi.

Na daɗe da wasiƙarki a hannu. Na auna siffa a kan tebur da yayata a hannun baƙi, na nemi gafarar Allah, na zaɓa. Ran Lahadi bayan azahar na sa ƙugiyoyin da kika aiko, sun yi daidai. Na cire labulen. Na kunna jirgi ya zagayo a hankali ya tsaya. Na ce, "Goggo, jirgin kudu ya iso."

Ta matso, ta kai hannu bakin rumfar jira, ta buɗe. Yatsun sun sandare, sai da ta taimaka da ɗaya hannun. Ta ce, "Sannu da zuwa. Sannu da hanya. Kai, Issa, haka ake yi?" Sannan ta juyo ta harare ni ta ce, "Kana tsaye, baƙo ya sha tafiya ba ka kawo ruwa ba." Na rasa abin zubawa, sai na cika murfin kwalba na aje kusa da shi. Daren nan ta ci tuwo har ta nemi ƙari.

Jiya Madam Nadia ta zo. Da gangan na bar ƙofar gida a buɗe muna magana. Goggo ba ta ko waiwaye ta ba. Madam ta tambaya ta bakina ko tana son fita, Goggo ta ce, "In je ina? Baƙo gare mu." Madam ta mayar da takardunta jaka, ta ce za ta riƙa leƙowa. Na kuma dawo da darasin yara falo, inda idona zai riƙa kaiwa.

Ruwan murfin yana ƙarewa kullum, sai na ƙara. Na'urar ɗumama ɗaki tana kusa da teburin, ruwa kaɗan kuma ba ya jure zafi, wannan kowane ɗalibina ya sani. Warin nan kuma ya bar taragon.

Tambaya ɗaya gare ni, tunda ke kika fara ganin sa. Na tanadi gam da ɗan benci da na sassaƙa don in zaunar da shi. Ban yi amfani da su ba. Da Goggo ta buɗe hannu, a kan ƙafafunsa ya tsaya, miƙe, yana fuskantar ƙofar fita daga tasha. Na ce ko dai tun farko haka yake, tsufa ne ya ruɗa ni. Wasiƙarki ta farko a kansa tana cikin durowa, amma na kasa buɗe ta. Raliatou, da kika saye shi, a tsaye yake ko a zaune?

Baffanki mai ƙaunarki,
Maazou

La Courneuve, 4 ga Disamba

Baffa,

Alhamdu lillahi. Inna ta ce a yi wa Goggo barka da arziki.

A zaune yake, Baffa. Hannuwa bisa gwiwa.

Kada ka manne ƙafafunsa. Ka ci gaba da ƙara masa ruwa. Zan zo Babbar Salla da jirgin safe, kuma kada ka taho taryata, na san hanya. Ka zauna da su.

'Yarka,
Raliatou